Daga Babban Yatsan Ƙafa Zuwa Ido: Maganar Gawut da Hawan Jinin Ido a Sorau

'Yan uwa na gida da waɗanda neman abinci ya kai Mubi, Yola, Kano, Legas da ƙetare.

Akwai tambayar da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, wasu sun yi ta a zaure, wasu sun turo ta waya: wai da gaske ne ciwon nan da ke kama babban yatsan ƙafa cikin dare, wanda likitoci ke kira gawut, yana jawo makanta? Mu da muke riƙe da littafin asusun taimakon juna na ƙungiya muna da dalilin ɗaukar tambayar da muhimmanci. Duk wanda ya nemi tallafin kuɗin mota zuwa asibitin ido, ta hannunmu takardarsa take bi. Kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, sunan da muke rubutawa a shafin masu ciwon ido suna ne da gari ya daɗe da saninsa da ɗingishi da kukan ƙafa. Shi ya sa muka karanta abin da ya sauwaƙa, muka tambayi 'ya'yanmu da ke aikin asibiti, muka ga ya dace mu kawo muku abin da muka fahimta.

Amsar a taƙaice ita ce: masana ba su tabbatar da cewa gawut da kansa yana hawa ido ba. Abin da ya fi haɗa yatsa da ido a wurinmu shi ne maganin da muke sha domin kashe zafin yatsan. Amma sai mun san ciwukan biyu kafin maganar ta fito sarai.

Wanda gawut ya taɓa kamawa ba ya bukatar a kwatanta masa. Mutum ya kwanta lafiya lau, can tsakar dare ya farka yatsa ya kumbura, ya yi ja, yana ƙyalli, zafi kamar an ɗora garwashi. Ko mayafi ne ya taɓa wurin sai ya yi ƙara. Da safe ba ya iya sa takalmi. A nan ne fassara take yawa. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce ya taka wani abu a hanyar gona, wani kuma ya fara lissafin waɗanda ba sa ƙaunarsa a kasuwa. Mun san zumuncin da ya yi rauni a kan irin wannan zargi, alhali abin yana cikin jinin mutumin ne.

Jiki yana samar da wani sinadari da ake kira yurik asid, daga rushewar ƙwayoyin jikin da kuma wasu nau'o'in abinci. Aikin ƙoda ne ta tace shi ya fita ta fitsari. Idan ya yi yawa, ko ƙoda ta gaza fitar da shi yadda ya kamata, sai ya taru ya daskare a cikin gaɓa, ya zama ƙananan tsinkaye masu tsini kamar allura waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke tayar da kumburin. Ba sabon ilimi ba ne: tun shekarar 1848 wani likita a Landan, Alfred Garrod, ya nuna cewa jinin masu gawut yana ɗauke da yurik asid fiye da na sauran mutane. Ya fi kama maza da suka manyanta, mata kuma yawanci sai bayan ɗaukewar al'ada.

Turawa sun yi masa laƙabi da ciwon sarakuna, saboda a zamaninsu masu cin nama da shan giya ya fi kamawa. Mu kuwa a ƙasar shanu muke. Kasuwar shanu ta Mubi ta yi suna har ƙetaren iyaka, kuma da yawa daga cikinmu a can suke neman abinci. Hanta, ƙoda, farfesun kayan ciki, balangu, duk suna ƙara yurik asid. Haka lemon kwalba mai yawan sukari, haka giya. Ga rashin shan isasshen ruwa a zafin Maris da Afrilu. Ku lura da kwanakin da ke biyo bayan Babbar Salla, za ku ga masu ɗingishi sun ƙaru. Duk da haka kada a ɗora wa nama laifin duka. Gado da ƙarfin ƙoda sun fi abinci tasiri, akwai kuma wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari da suke ɗaga yurik asid. Akwai talakan da sai ya yi wata bai ga tsoka a miya ba, kuma gawut ya kama shi.

Wani halin gawut da ya kamata a riƙe: ko ba a sha komai ba, tashinsa yakan lafa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, ya tafi, sai bayan watanni ya dawo. Wannan ne ya sa kowane magani yake samun yabo a kansa. Wanda ya shafa man zafi ya ce shi ne, wanda ya sha saiwa ya ce ita ce, wanda aka yi wa tsaga ya ce tsagar ce.

Hawan jinin ido kuwa, wanda a asibiti ake ce wa gilakoma, halinsa daban ne ƙwarai. Sunan ma yana ruɗar mutane. Ba shi ne hawan jinin da ake aunawa a dantse ba. Mutum zai iya kasancewa jininsa daidai, idonsa kuma yana cikin haɗari. A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa, ba hawaye ba, wanda ido yake samarwa kullum, yana kuma tsiyayewa ta wata 'yar magudana. Idan magudanar ta fara toshewa sai ruwan ya matse cikin idon, matsin ya riƙa kashe jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa a hankali. Awon matsin ido na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Irin da ya fi yawa a wurin baƙar fata ba ya ciwo, ba ya sa ido ja, ba ya ƙaiƙayi. Daga gefe yake fara cin gani, tsakiya tana nan garau, shi ya sa mutum zai yi shekaru yana karanta saƙo a waya yana ƙirga kuɗi bai san komai ba. Sai ya fara tuntuɓe da kujera, ko babur ya zo ta gefensa bai gan shi ba. Lokacin da ya farga, mafi yawan jijiyar ta tafi.

Kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A nan ya bambanta da yanar ido. Mai yana ana yi masa aiki a cire, a sa masa wani gilashi a ciki, ya koma gona. Mai hawan jinin ido kuwa, duk abin da likita zai iya shi ne ya tsare ragowar ganin da ya tarar.

Ga lissafin da ya tayar mana da hankali. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta na ƙasa, aka duba idon mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama a faɗin Nijeriya. An samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yankinmu na Arewa maso Gabas shi ne kan gaba, da kashi 6.1. Yanar ido ce ta fi jawo makantar, hawan jinin ido yana biye da ita da kusan kashi 17 cikin 100. Daga baya Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka sake nazarin alƙaluman, suka wallafa a 2015 cewa a cikin kowane mutum 100 masu waɗannan shekaru, 5 suna da hawan jinin ido. A cikin masu shi kuma, waɗanda suka san suna da shi ba su kai 6 cikin 100 ba, sannan ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Ku dubi sahun masallaci ko taron suna ku yi lissafin da kanku.

To, mu koma kan tambayar. Masu bincike sun nemi alaƙa tsakanin yurik asid da hawan jinin ido, amma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wani nazari a Japan a 2010 ya samu yurik asid ya fi yawa a jinin masu wani nau'in ciwon. Wasu nazarce-nazarce a Sin sun samu akasin haka, wato ya fi ƙaranci a jinin masu shi. Wani babban bincike a kan tsofaffin sojojin Amurka da aka wallafa a 2021 ma ya nuna masu gawut sun ɗan fi ƙarancin kamuwa da shi. Saboda haka duk wanda ya ce muku gawut yana makantarwa kai tsaye ya wuce inda ilimi ya tsaya, wanda kuma ya ce yana kare ido shi ma ya yi gaggawa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ciwukan biyu suna farautar mutum iri ɗaya: wanda ya haura 40, sau da yawa mai hawan jini ko ciwon sukari. Abu na biyu da ba a jayayya a kai shi ne maganar magani.

Mu faɗi yadda abin yake faruwa a wurinmu. Yatsa ya tashi cikin dare. Asibitin da zai auna jini yana Mubi, ga kuɗin mota, ga yini guda da za a rasa, ga mutum ba ya iya taka ƙasa. Sai a aiki yaro kemis, ko a jira mai tallar magani ranar kasuwa, a ce a haɗo na ciwon ƙafa. A ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, fari da ja da rawaya, babu kwali babu suna. Kafin gari ya waye zafi ya sauka. Wa zai ƙi komawa? Abin da yake yin wannan aiki na ban mamaki a cikin haɗin, sau da yawa, ɗaya ne daga dangin magungunan da ake kira sitiroyid. A jikin kwali za ku ga an rubuta Dexamethasone ko Prednisolone. Na farkon shi ne wanda ake kira deksa, wanda wasu 'yan mata suke sha don ƙiba har aka sa masa suna sha-ka-fashe.

Waɗannan magunguna ba guba ba ne. Likita ma yakan rubuta Prednisolone na kwana kaɗan ga mai gawut, musamman wanda ƙodarsa ko cikinsa ba za su ɗauki sauran magungunan ba. Matsalar tana cikin daɗewa. Idan aka yi makonni da watanni ana sha, suna taurara magudanar nan ta cikin ido, ruwa ya kasa fita, matsi ya hau. Tun shekarun 1960 likitocin ido a Amurka suka gwada ɗiga irin wannan magani a idon mutane na wasu makonni, suka ga kusan mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa yana hawa, wasu kaɗan kuma yana hawa ƙwarai. Wanda yake da ciwon a ɓoye, ko yake da shi a dangi, shi ya fi saurin hawa. Na ɗigawa a ido ya fi saurin yin wannan ɓarna, amma na sha da na allura ma suna yi idan aka daɗe. Ban da haka suna kawo yanar ido, suna ɗaga sukari da hawan jini, suna raunana ƙashi.

Akwai wani dattijonmu, dillalin shanu, wanda da izininsa muke ba da labarinsa ba tare da suna ba. Shekaru yana fama da yatsa. Da farko sai ciwon ya tashi yake shan haɗin. Daga baya ya lura idan ya sha kullum ciwon ba ya tashi, sai ya mai da shi kamar goro, ƙwaya da safe kafin ya hau mota. Fuskarsa ta cika ta yi ƙyalli, mutane suna cewa Alhaji kasuwa ta karɓe shi. Da hunturu ya zo ido ya fara ƙaiƙayi, aka sayo masa na ɗigawa, shi ma da irin sinadarin a ciki, ya ji daɗinsa ya ci gaba. Abin da ya kai shi asibiti shi ne ranar da sa ya taho ta hagunsa a kara bai gani ba sai da ya ture shi. A Yola aka auna, aka ce idon hagu ya tafi, na dama saura kaɗan. Yanzu da na daman yake lallaɓawa, ɗansa ne yake shiga cikin shanu, shi yana zaune a rumfa ana kawo masa labari. Babu mai iya rantsewa cewa maganin ne kaɗai. Mai yiwuwa ciwon yana nan tun da, maganin ya ƙara masa gudu. Amma tambayar farko da likitan ya yi masa ita ce wane magani yake sha, kuma tun yaushe. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ba mu kawo wannan don a tsangwami masu kemis ba. 'Yan uwanmu ne, su ne suke buɗe mana ƙofa da ƙarfe biyun dare, su ne suke ba mu bashi. Kuma sau da yawa mu ne muke matsa musu: idan bai haɗa mai ƙarfi ba mu ce bai iya aiki ba, mu koma wurin na gaba. Roƙonmu gare su shi ne su riƙa faɗa wa mutum sunan abin da suka ba shi, kuma idan suka ga fuska ɗaya tana dawowa neman haɗi ɗaya wata da watanni, su ce masa Baba, wannan ya wuce kemis.

Gargaɗi mai muhimmanci: wanda ya karanta wannan ya gane ya daɗe yana shan deksa ko ɗan'uwansa kullum, kada ya yanke shi dare ɗaya. Jikin da ya saba da shi yakan daina samar da nasa, yankewa farat ɗaya na iya jefa mutum cikin mummunan hali, jini ya faɗi, har a rasa rai. A hankali ake rage shi, kuma likita ne zai tsara yadda za a yi.

Hanyar ma tana da komowa, daga ido zuwa yatsa. Akwai ƙwayar da likitocin ido suke bayarwa don sauke matsi da sauri, Acetazolamide. Tana iya ɗaga yurik asid ta tayar da gawut ga mai shi, tana kuma iya kawo tsakuwar ƙoda. Don haka mai gawut da ya je asibitin ido ya faɗa, ko ba a tambaye shi ba. Mu dai mun saba, idan muka je wurin likitan ido maganar ido kaɗai muke yi, kamar ƙafar ta wani ce.

Shi gawut yana da magani na gaskiya, kuma ba mai tsada can ba. Ana auna yurik asid a jini, a duba lafiyar ƙoda. Wanda ciwon yake yawan dawo masa akan ɗora shi a kan Allopurinol, ƙwayar da take rage samar da sinadarin, a fara da kaɗan ana ƙarawa har awon ya sauka ƙasa da 6. Ba ta kashe zafi nan take, a watannin farko ma ciwon yana iya tashi, shi ya sa da yawa suke jefar da ita su ce ba ta aiki. Amma wanda ya daure, tsinkayen nan suna narkewa, tashin ciwon ya yi ta raguwa har ya daina, bukatar haɗin leda ta ƙare. Wanda ya ga ƙuraje sun feso masa bayan ya fara ta, ya dakata ya koma asibiti a ranar. Su kuma Diclofenac da Ibuprofen da muke sha kamar gyaɗa, yawansu yana cin ƙoda, ƙoda kuwa idan ta raunana yurik asid ƙaruwa yake yi.

Awon ido ba ya ɗaukar lokaci, ba ya ciwo. Amma a kula: karanta haruffa a allo, ko gwada tabarau a kasuwa, ba shi ne awon hawan jinin ido ba. Mai ciwon zai iya karanta layin ƙarshe tsaf. Sai an auna matsin, an kuma leƙa jijiyar da ke bayan ido. A fara tambaya a sashen ido na Babban Asibitin Mubi. Idan abin ya fi ƙarfin nan akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, akwai asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Duk wanda ya kai 40 ya kamata a duba shi ko ba ya jin komai. Wanda ya daɗe a kan deksa, da wanda uwa ko uba ko ɗan'uwa ya makance ba a san dalili ba, kada su jira shekara 40, domin ciwon yana bin jini. Wanda kuma ido ya yi masa ja farat ɗaya da matsanancin ciwo, da ciwon kai da amai, yana ganin bakan gizo kewaye da fitila, wannan ba ya kwana a gida.

Idan aka samu ciwon, yawanci maganin ɗigawa ake farawa da shi, irin su Timolol ko Latanoprost, kuma na har abada ne. A nan mutanenmu suke karaya. Kwalba ta ƙare, gani bai ƙaru ba, sai a ce asarar kuɗi ce a daina. Ba a yi shi don ya ƙara gani ba, an yi shi don ya hana ragowar tafiya. Haka aikin tiyata: wanda aka yi wa bai dawo yana gani garau ba, sai labari ya bazu cewa likitoci sun kashe masa ido, na bayansa ya ƙi yarda har nasa ya ƙarasa. Mai asma ya sanar da likita kafin a ba shi Timolol, yana iya toshe masa numfashi. Mai azumi kuma ya nemi a tsara masa lokutan ɗigawa maimakon ya ajiye kwalbar wata guda. Danne kusurwar ido ta gefen hanci na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa yana rage gangarowar maganin zuwa maƙogwaro.

Saura abin da ya shafi ƙungiya. Asusunmu, kamar yadda kowa ya sani, ya fi motsi idan an yi rasuwa, ko gobara, ko an kwantar da mutum. A maganar ido kuwa, sai gani ya tafi takarda take iso mana, mu biya kuɗin mota zuwa Kano a je a ji abin da ba ya gyaruwa, a dawo da sanda. Kuɗin tafiya ɗaya irin wannan, da ɗan rakiya da masauki, zai kai mutane da dama Mubi a duba su tun idonsu yana da sauran amfani. Shawarar da za mu gabatar a taro mai zuwa ita ce a ware wani kaso na asusun don awon ido na mambobi masu shekara 40 zuwa sama, a fara da masu ciwon ƙafa da waɗanda makanta take danginsu, a riƙa tafiya rukuni-rukuni a mota ɗaya. A duk watan Maris ana makon wayar da kai a kan wannan ciwo a duniya, wasu asibitoci sukan yi awo kyauta. 'Yan uwanmu na Yola da Kano su sa mana kunne. Mun san akwai masu ganin asusun bai kai ya ɗauki wannan ba, kuma hujjarsu abin saurare ce, su zo da lissafinsu mu zo da namu.

Iyayenmu mata da ba sa zuwa taro, kowa ya karanta wa na gidansa wannan, domin su ma suna shan haɗin ciwon gwiwa da na baya. Mai zuwa taron kuma ya taho da duk maganin da yake sha, na ƙafa da na ido da na hawan jini. Ɗaya daga cikin 'ya'yanmu ma'aikatan jinya ya yi alkawarin zama a gefe ya duba wa kowa nasa a asirce. Wanda nasa a leda aka ƙulla masa, babu kwali babu suna, shi ma ya kawo shi a haka.

Wassalam.
Sakatare